Shin Da Gaske Ana Iya Gano Wanda Ya Sauke Fim Ta Ɓarauniyar Hanya?

Wani mai karatu ya aiko da tambaya yana cewa tun yana yaro yake ganin gargaɗi a farkon finafinan ƙasashen waje, mai ɗauke da tambarin hukumar FBI da barazanar ɗauri da tara, sannan akwai tallar nan da ke kwatanta sauke fim da satar mota. Abin da yake son sani shi ne, shin akwai wanda yake ganin sa da gaske idan ya sauke fim a wayarsa ba tare da ya biya ba, ko kuwa duk kurari ne?

Malam, ana iya ganowa, amma ba kowa ake ganowa ba, ba ta kowace hanyar saukewa ba, kuma ba a kowace ƙasa ake bin sawun mutum har ƙofar gidansa ba. Aikina kula da hanyoyin sadarwar kwamfuta ne, kuma a wani wuri da na taɓa aiki ni ne nake buɗe akwatin da wasiƙun ƙorafin masu haƙƙin mallaka suke faɗawa, don haka zan yi maka bayanin yadda abin yake tafiya daga ciki. Amma bari mu fara da tallar, tunda ita ce ta dasa maka tsoron.

Tallar da kake magana a kai ta fito ne a 2004, kuma ƙungiyar manyan kamfanonin fim ta Amurka ce ta ɗauki nauyinta tare da hukumar kare fasaha ta Singapore. Ana nuna wata yarinya zaune gaban kwamfuta tana sauke fim, sai a yanko hoton ɓarawo yana buɗe mota, wani yana fizge jakar mata, wani yana fita da talabijin, ana rubuta wa mai kallo cewa tunda ba zai aikata waɗannan ba, to ya sani sauke fim ma sata ce. An liƙa ta a farkon faifan DVD masu ɗimbin yawa, a wasu ma ba a iya tsallake ta. Babban kuskurenta a nan yake: wanda ya ciro kuɗinsa ya sayi faifai na halal shi ne ake tilasta wa sauraron wa'azin, shi kuwa wanda ya kwafi fim ɗin ya ɗora a intanet, abu na farko da yake yi shi ne yanke tallar ya yar. Wato an tsare mai gaskiya a ƙofa ana yi masa faɗa, mai laifin kuma ya bi ta taga bai ji komai ba.

Kwatancen ma bai zauna daidai a doka ba. Tun a 1985 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci cewa faifan waƙoƙin da aka kwafa ba da izini ba, ba ya shiga cikin abin da dokar safarar kayan sata take kira kayan sata, domin mai haƙƙin bai rasa abinsa ba, an dai keta masa haƙƙin da doka ta ba shi na sarrafa kwafi. Laifi ne, amma laifi ne na daban, kuma jama'a suna jin wannan bambancin a jikinsu ko da ba su karanta doka ba, shi ya sa tallar ta koma abin barkwanci. Masu binciken halayyar jama'a sun daɗe suna nuna cewa idan ka yawaita gaya wa mutane cewa miliyoyi suna aikata abu, to kana sanar da su ne cewa abin ya zama ruwan dare, babu abin kunya a ciki. Wani bincike da aka yi a Jami'ar Portsmouth ta Ingila, wanda aka wallafa a 2024, ya gano cewa saƙonnin barazana suna rage niyyar satar fasaha a wurin mata, amma a wurin maza sai ma su ƙara ta. Abin dariya na ƙarshe ya zo a 2025, lokacin da masu bin diddigi suka nuna cewa salon haruffan da aka yi amfani da shi a kayan wannan kamfe kwafi ne na wani salo da Just van Rossum, ɗan ƙasar Holan, ya ƙirƙira, wanda aka kwaikwaya ba da izininsa ba. Mai dokar barci ya ɓuge da gyangyaɗi.

To yanzu ga ainihin tambayar. Hanyar da aka fi kama mutane ta cikinta ita ce BitTorrent, tsarin da Bram Cohen ya fitar a 2001. A wannan tsari babu wata kwamfuta guda da take riƙe da fim ɗin tana raba wa kowa. Ana yanka fim ɗin gunduwa-gunduwa, duk wanda ya samu gunduwa ɗaya sai kwamfutarsa ta fara miƙa ta ga sauran masu nema tun kafin shi kansa ya gama saukewa. Domin hakan ya yiwu, dole kowace na'ura ta san adireshin 'yar'uwarta, wato lambar nan da ake kira adireshin IP wadda kamfanin sadarwa yake ba ka duk lokacin da ka hau intanet. Idan ka buɗe manhajar torrent ka danna wurin da ake jera abokan musaya, za ka ga layi-layi na lambobi, kowanne da 'yar tutar ƙasarsa a gefe, da kashi nawa na fim ɗin ya samu, da gudun da yake turo maka. Yadda kake ganin su haka suke ganin ka. Babu wani kutse da ake buƙata, babu wata na'urar leƙen asiri. Kamfanin da aka ɗauka haya don sa ido yana shiga cikin taron ne kamar kowa, ya zauna yana rubuta lambobi da lokaci. Masu bincike a Jami'ar Birmingham sun nuna a 2012 cewa wanda ya shiga musayar fim ɗin da ake yayi, ana iya rubuta adireshinsa cikin 'yan sa'o'i.

Abin da ya sa wannan hanya ta fi haɗari a doka shi ne mai saukewa ya zama mai rabawa, ko ya sani ko bai sani ba. Lauyoyi ba su cika damuwa da kwafi ɗaya da ka ajiye a kwamfutarka ba, abin da suke kafa ƙara a kai shi ne ka miƙa wa wasu. Kamfanonin sa ido masu aiki da kyau sukan karɓi gunduwar fim ɗin daga na'urarka kai tsaye, su adana ta a matsayin hujjar cewa daga wannan adireshi aka raba.

Wasiƙun da nake karɓa duk kamanninsu ɗaya, domin na'ura ce take rubuta su. Akwai sunan fim, da doguwar lambar da ke bambanta wannan kwafi da sauran, da adireshin IP, da lambar ƙofar da aka yi musayar ta cikinta, da lokaci har zuwa daƙiƙa bisa agogon duniya. Abin da babu a ciki shi ne sunan mutum, kuma nan ne gizo ke saƙa. Mai fim bai san ko wane ne kai ba. Wanda ya sani shi ne kamfanin da ya ba ka intanet, domin shi ne yake da rajistar da ke nuna wa aka ba wannan adireshi a wannan daƙiƙa, kuma a yawancin ƙasashe ba zai miƙa sunanka ba sai da umarnin kotu ko tanadin wata doka ta musamman. Saboda haka duk bambancin da ke tsakanin ƙasa da ƙasa yana komawa ne kan sauƙi ko wahalar wannan mataki guda.

A Jamus matakin yana da sauƙi, shi ya sa can ne aka fi jin jiki. Kotu tana ba da umarni, kamfanin sadarwa ya ba da suna, sai wasiƙar lauya ta iso gida tana neman ɗaruruwan Yuro, wani lokaci har kusan dubu, a kan fim guda, tare da takardar alkawarin ba za a sake ba. Ɗalibai da baƙi da suka saba da torrent a ƙasashensu sukan faɗa wannan tarko a watanninsu na farko, kuma duk wanda zai tafi can karatu ya kamata a ja masa kunne tun daga gida. Faransa ta bi wata hanya: a 2009 ta kafa hukumar Hadopi, wadda ta riƙa aika gargaɗi ta imel, idan an sake a aika wasiƙa mai rajista, idan an kuma a miƙa batun ga mai gabatar da ƙara, kuma tarar tana iya kaiwa Yuro 1,500. Dabarar dokar ita ce ba ta tuhumar ka da sauke fim, tana tuhumar ka ne da sakacin barin layinka a yi ɓarna da shi. Mutumin da aka fara hukuntawa a 2012 an ci shi tarar Yuro 150, alhali matarsa ce ta sauke waƙoƙin. A farkon 2022 aka haɗe hukumar da mai kula da kafofin watsa labarai aka samar da Arcom. Amurka kuwa ta gwada tsarin gargaɗi shida tsakanin 2013 da farkon 2017, sannan aka watsar da shi. Abin da ya rage a can shi ne ƙarar neman diyya, inda doka ta tanadi daga dala 750 zuwa 30,000 a kan kowane aiki, har zuwa 150,000 idan an tabbatar da ganganci, kuma girman wannan adadi ne yake sa mutane su biya 'yan dubbai a sasanta tun kafin a shiga gaban alƙali.

Sai dai hujjar adireshin IP tana da rauni, kuma ina ganin wannan ne ɓangaren da tallace-tallacen ba sa so a sani. Adireshi yana nuna layi ne, ba ya nuna hannun da ya danna. A 2008 masu bincike a Jami'ar Washington sun nuna cewa ana iya cusa adireshin da bai ji ba bai gani ba cikin jerin masu musaya, har suka sa aka aiko da takardun ƙorafi a kan injinan buga takardu na jami'ar, ana zargin su da sauke finafinai. A 2018 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya a Amurka ta yi watsi da ƙarar da aka shigar kan wani mutum mai kula da gidan jinyar manya, inda mazauna da baƙi duk suke amfani da layi ɗaya, ta ce kasancewar sunan mutum a kan layin bai isa ya nuna shi ne ya yi laifin ba. A Ostireliya, a 2015, masu wani fim ɗin Amurka sun samu izinin karɓar sunayen masu layi 4,726 daga kamfanin sadarwa na iiNet da wasu, amma alƙalin ya ce sai ya ga wasiƙar da za su aika, kuma sai sun ajiye dalar Ostireliya 600,000 a matsayin jingina don kada su tatsi mutane. A 2016 suka haƙura suka janye. Alƙalin yana da dalilin yin taka-tsantsan, domin harkar ta riga ta haifi 'yan damfara. Lauyoyin wani kamfani mai suna Prenda a Amurka sun riƙa ɗora finafinan batsa da kansu a shafukan torrent, su jira a sauke, sannan su aika barazanar tona asiri a kotu, suka tara miliyoyin daloli da haka. A 2019 aka yanke wa ɗayansu, Paul Hansmeier, ɗaurin shekara 14.

Duk wannan bayani ya shafi torrent ne. Wanda yake kallo kai tsaye a wani shafi, ko yake saukewa daga babbar kwamfuta guda mai riƙe da fim ɗin, ko daga tashar Telegram, ba ya cikin taron da kowa ke ganin kowa. Masu ganin sa su ne mai shafin da kuma kamfanin sadarwarsa, wanda galibi yana ganin sunan shafin da aka ziyarta ne ba abin da aka kalla ba. Wannan bai halatta abin ba, domin Kotun Tarayyar Turai ta bayyana a 2017 cewa kallo daga tushen da mutum ya san haramtacce ne keta haƙƙi ne, amma ya sa kamawa ta yi wuya. Irin waɗannan mutane asirinsu yana tonuwa ne ranar da aka kama mai shafin aka kwashe rajistarsa, musamman idan sun yi rajista da imel ɗinsu ko sun biya da katin banki. Haka ta faru a Italiya a 2025, inda 'yan sandan kuɗi suka bi jerin masu biyan kuɗin tashoshin sata suka ci tarar mutum fiye da dubu biyu, mafi ƙarancinta Yuro 154. Telegram ma ba mafaka ba ce kamar yadda ake zato: Babbar Kotun Delhi ta umarce shi a 2022 ya ba da bayanan masu tashoshin da ke raba kayan wasu, kuma a Satumban 2024 kamfanin ya sanar cewa zai riƙa miƙa lambar waya da adireshin IP idan hukuma ta zo da buƙata bisa doka. Masu dogaro da VPN kuwa, wato manhajar da ke ɓoye adireshin mutum ta hanyar bi da shi ta kwamfutar wani kamfani, sun sauya wanda ya san sirrinsu ne kawai, daga kamfanin sadarwa zuwa kamfanin VPN, kuma a 2011 an ga ɗaya daga cikinsu ya miƙa rajistarsa bisa umarnin kotu a shari'ar kutsen da aka yi wa Sony Pictures.

Gaskiyar da masana'antar ta gano da kanta ita ce bin mai kallo ɗaya-ɗaya asarar kuɗi ce da zubar da mutunci, don haka ƙarfinta ya koma kan tushe. Kwafin da ake haskawa a sinima na zamani yana ɗauke da ɓoyayyar alama a cikin hoto da sauti, wadda ido da kunne ba sa kamawa, amma idan wani ya ɗauka da kyamara ya ɗora, ana iya karanto wace sinima ce da rana da lokaci. Haka kwafin da ake aika wa masu zaɓen gwarzon fim, kowanne da alamar mai shi; ta haka aka gano ɗan wasa Carmine Caridi a 2004, aka kore shi daga ƙungiyar da ke ba da kyautar Oscar. Masu manyan shafuka kuma ana kama su ne ta kuɗi da sakaci. An rufe Megaupload a Janairun 2012. Wanda ake zargi da mallakar KickassTorrents, Artem Vaulin, an kama shi a Poland a 2016, kuma cikin hujjojin akwai cewa adireshin da aka yi sayayya da shi a iTunes shi ne aka shiga shafin Facebook na dandalin da shi a rana guda. Tun 2017 manyan kamfanoni suka haɗa ƙawancen ACE don wannan farauta, ga kuma toshe shafuka ta umarnin kotu wanda Ingila ta fara amfani da shi a 2011.

Idan daga Nijeriya ko Nijar kake rubutowa, lissafin ya ɗan bambanta. Yawancinmu ta layin waya muke hawa intanet, kuma saboda adireshin IP na tsohon tsari bai wuce biliyan 4.3 ba a duniya, kamfanonin waya suna tara ɗimbin masu layi a bayan adireshi guda. Kafin a ware mutum ɗaya daga cikinsu sai an haɗa lambar ƙofa da ainihin daƙiƙa, kuma sai kamfanin ya adana wannan rajista. Idan an yi hakan, sunan yana nan, tunda a Nijeriya an ɗaure layin waya da lambar NIN tun daga ƙarshen 2020. Abin da ya hana ba fasaha ba ce, riba ce: babu kamfanin Hollywood da zai ɗauki lauya ya nemi umarnin kotu don ya bi wanda kuɗin shari'ar ya ninka abin da za a iya samu a hannunsa. Bugu da ƙari, yawancin fim a wurinmu ba ya bi ta intanet a matakin ƙarshe. Ka je rumfar mai cajin waya a bakin kasuwa, za ka tarar da kwamfuta ɗaya da igiyoyi sun yi mata rassa, yaro ya miƙa memori ko waya, a cika masa da finafinan Hausa da fassarar Indiya a kan kuɗi kaɗan, shi kuma ya isa gida ya tura wa abokansa ta Xender. Wannan musaya babu wani kamfanin sa ido a Turai da zai gan ta. Haɗarin da ya fi kusa da mai saukewa a nan shi ne manhajar da ya sanya don samun fim kyauta, wadda ke neman izinin karanta saƙonninsa a wayar da yake karɓar lambobin sirrin banki.

Wanda doka take iya cimmawa a gida shi ne mai rabawa. Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta tanadi hanyar da mai haƙƙi zai nemi a sauke abinsa daga intanet, ta kuma ba Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Nijeriya ikon sa a toshe shafin da ke keta haƙƙi. A ra'ayina a nan ne maganar asara take da nauyi, fiye da yadda tallar motar ta nuna, domin furodusan Kano da ya ci bashi ya yi fim ba shi da sinimomin duniya da zai mayar da kuɗinsa, kuma kowa ya ga yadda kasuwar faifai ta Ƙofar Wambai ta durƙushe har masu shirya finafinai suka koma YouTube da shirye-shirye masu dogon zango. A can kuwa bin sawun ba ya buƙatar kotu ko lauya. Tun 2007 YouTube yake da tsarin Content ID, wanda ke ɗaukar samfurin hoto da sautin duk abin da mai haƙƙi ya yi wa rajista, ya gwada shi da kowane sabon bidiyo da aka ɗora. Idan ka kwafi shirin wani ka sa a tasharka, mai shi yana iya toshe bidiyon ko ya karkatar da kuɗin tallarsa zuwa aljihunsa, idan kuma ya shigar da ƙorafin saukewa har ka tara gargaɗi uku cikin kwana 90, ana iya rufe tashar gaba ɗaya tare da duk bidiyon da ke cikinta da mabiyan da ka tara.